HURDEN BABA



Yau wani labari zan ba ku wanda na san wasunku sai sun yi mini dariya, kuma ba zan ga laifinsu ba. Ni kaina da a ce shekarun baya wata ta ce mini za a wayi gari a same ni, uwar 'ya'ya biyar, zaune tsakar dare ina shafa wa doki launi a cikin waya, wallahi da na ce a kai ta a yi mata ruƙiyya. To amma ga shi ya faru, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Abin ya samo asali ne a shekarar 2022, lokacin da maigidana ya ƙara aure. Kada ki gyara zama 'yar uwa, ba labarin kishiya zan ba ki ba, wannan kin karanta shi a littattafai har kin gaji. Yarinyar ba ta yi mini komai ba, shi ma tsakani da Allah bai rage ni da komai ba. An yi mini kayan faɗar kishiya daidai gwargwado, na karɓi baƙi, na yi dariya a gaban mutane, har ana ta cewa kai Maman Ummi akwai haƙuri. Da rana ke nan. Amma dare fa? Ke dai bari. Kwana bakwai na amarci suka wuce, aka koma rabon kwana bibbiyu, ni kuwa barci ya ce ban san hanyarsa ba. Da zarar yara sun kwanta, gida ya yi tsit, sai kunnena ya zama kamar na zomo. In an turo ƙyaure ina ji, in an yi tari ina ji, in an yi dariya kuwa sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji.

Me zan yi? Sai in jawo waya. Kin san halinmu. In shiga WhatsApp in bi sitatus ɗin mutane ɗaya bayan ɗaya, in ga wata ta sa habaici in ce da ni take. In shiga zauren matan unguwa in tarar ana ta ba da shawara, wannan ta ce a nemi malami, waccan ta ce ga kayan mata na Sakkwato, wata ta ce ai namiji ba ɗan goyo ba ne. In fito daga nan zuciyata ta fi yadda na shiga zafi. Haka na yi wata uku, har ranar da jiri ya ɗebe ni a bakin murhu. Da aka kai ni asibiti aka auna, jinina ya kai 160 bisa 100. Malamar asibitin ta dube ni ta ce, "Hajiya, me kike sa wa a ranki haka?" Na ce babu komai. Ta yi murmushi irin na wadda ta saba jin wannan amsar, ta rubuta mini magani, ta ce in rage gishiri, in rage tunani. Gishiri dai na san yadda ake rage shi.

Ummi, babbar 'yata, ita ce ta fara lura ba na barci. Wata rana da daddare ta shigo ɗakina ta ce, "Mama, ba ni wayarki in sa miki wani abu." Ta sauke mini wata manhaja mai suna Happy Color, irin wadda ake ba ki hoto an yayyanka shi gida-gida, kowane gida da lambarsa, ki taɓa lamba launi ya shiga. Na yi kwana biyu ina yi, sai na ji ya gundure ni. Ai wannan kamar a ba ki tukunya ne a ce ga gishiri ga maggi an auna, ke dai zuba. Ni kuwa a lokacin na gaji da abin da aka riga aka yanke mini. Na ce mata ba na so. Ta ce to bari ta kawo wanda ni zan zaɓi launi da kaina. Ta shiga intanet ta buɗe mini zane-zane iri-iri, furanni, gidaje, tsuntsaye, muna wucewa, sai ga doki.

Zanen layi ne kawai, baƙin layi a kan fari, babu launi ko ɗigo. Dokin ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ya karkata wuya, gezarsa ta zubo gefe. Na ce, "Tsaya nan." Ta ce, "Mama, doki?" Na ce doki.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake, don na san akwai wadda za ta so gwadawa. Masu zane a ƙasashe daban-daban suna zana doki da layi zalla su sa a intanet, wasu kyauta, wasu na sayarwa. Sai ki sauke shi a wayarki, ki buɗe shi a cikin manhajar zane. Ni ibisPaint nake amfani da ita, ta mutanen Japan ce, kuma ana iya aiki da ita ba tare da an biya ba, sai dai ki yi haƙuri da talla. A cikinta akwai bokiti, wanda in kin zaɓi launi kika taɓa wuri sai ya cika shi gaba ɗaya, akwai kuma buroshi da za ki bi da yatsa a hankali. Abin da ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne shimfiɗa. Ashe ana jera aikin ne falle bisa falle, kamar yadda kike shimfiɗa leda, ki ɗora darduma, ki ɗora kafet. Zanen layin yana can falle na sama, ke kuwa kina shafa launinki a fallen da ke ƙasa, don haka ko kin yi kuskure layin bai ɓaci ba. In kina son shiga lungu, kamar cikin kunne ko gefen ido, sai ki buɗe yatsu biyu hoton ya girma.

Ranar farko na sha haushi. Na zaɓi ja na taɓa cikin dokin da bokiti, sai kawai na ga shafin duka ya koma ja, doki da sama da ƙasa, kamar an yanka rago. Ashe akwai wata 'yar kafa a wajen kofato inda layin bai haɗu ba, ta nan launin ya tsiyaye. Na kusa jefar da wayar. Ummi tana dariya ta nuna mini wata 'yar kibiya mai lanƙwasa, ta ce taɓa nan. Na taɓa, komai ya koma yadda yake. Na daɗe ina kallon kibiyar nan. Na ce a raina, ina ma a ce bakin mutum yana da irinta, da maganganun da na yaɓa wa maigida a watannin nan na kwashe abina.

To me ya sa doki? Nan ne maganar take.

Mahaifina baduku ne, a cikin birnin Kano aka haife mu, kuma kayan doki ne sana'arsa. Yana ɗinkawa a zaure ya kai Kasuwar Kurmi. Na tashi ina jin warin jima da ƙarar guduma a kan fata. Tun ban kai shekara goma ba na san jan fata da karan dafi ake rina shi, baƙi kuwa da kuloko, na san linzami da ragama, na san likkafa da majayi, na san jalala da ake shimfiɗawa da ɗauki-saƙa. Baba ba basarake ba ne, ba shi da ko sarautar unguwa, amma yana da doki ɗaya tilo da yake hawa a cikin tawagar wani hakimi in Sallah ta zo. Dokin nan hurde ne. A turke yake a ƙofar gida, kuma na rantse miki Baba ya fi kula da cin dokin nan a kan nasa. Sai ya tabbatar an ba shi dawa da harawa da kanwa kafin shi ya sa loma a baki. Inna har cewa take yi ita ba ta da kishiya a ɗaki, tata tana turke.

Ni ce mai riƙe masa ƙwarya in zai yi wa dokin wanka. Ni ce mai tsefe geza. Amma ko sau ɗaya ban taɓa hawa ba, don ni mace ce, ƙannena maza kuwa da ba su damu da shi ba su ake ɗorawa. Ranar Hawan Daushe, washegarin Sallah, da Sarki ke zagawa ya je gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, mukan tafi da yayyena mu sami wuri tun da azahar, muna cin rake muna jira. Dawakai ɗaruruwa, ƙura, algaita, kakaki, 'yan bindiga, 'yan lifidi, amma ni idona ɗaya yake nema. Da na hango hurden nan sai in yi ta tsalle ina cewa ga Babana, ga Babana, kamar wani zai ji ni a cikin wannan hayaniya. Da na ji a rediyo a ƙarshen 2024 cewa hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano a cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa, shi na fara tunawa. Ya rasu tun 2011.

Dokin kuwa ya riga shi barin gidan. A shekarar 2003, ana saura 'yan watanni bikina, na dawo daga islamiyya na tarar da turke babu kowa. Na tambaya aka ce ba shi da lafiya, an kai shi ƙauye. Na yi kuka na share hawaye, hidimar biki ta ɗauke mini hankali, shi ke nan.

Don haka da na fara shafa launin nan, ba da niyyar komai na fara ba. Na yi baƙi wuluk na ce ga akawal. Na yi fari na ce ga kili. Na yi mai ruwan madara na ce gunya, na yi mai dabbare-dabbare na ce danda. Sunayen nan shekara ashirin ban furta su ba, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar an buɗe tsohuwar adaka. Ummi ta ce, "Mama, wai duk Hausa ce wannan?" Na ce Hausa ce tsantsa, ku ne dai ba ku gaje ta ba.

Wani abu da na lura da shi, yawancin zanen da ake samu ba irin dawakanmu ba ne. Ko dai dokin Larabawa mai ɗan lotsattsen hanci da wutsiya a ɗage, ko wani ƙaton baƙi na ƙasar Holan mai gashi har kofato, ko kuwa wanda aka ɗora wa ɗan falalen sirdin Turawa kamar faifai. Namu kuwa da yawansu hancinsu a ɗan gantsare yake, jikinsu a tsuke, kuma sirdinmu mai ƙwacciya ne gaba da baya. Sai na fara ƙara musu kaya da kaina. In buɗe sabon falle in ɗora jalala ja da kore, in sa wa goshi ado, in zuba tuntaye a wuya. Hannuna ba na mai zane ba ne, wani lokaci jalalar ta fito kamar zanin gado, amma ina yi ina jin muryar Baba yana cewa ja ba ya zama kusa da ja, sa baƙi a tsakani.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, in na zauna a kan doki ɗaya, sai in ɗaga kai in ga minti arba'in ta wuce ban saurari ƙyauren kowa ba. Dalilin a ganina ba wani boyayye ba ne. Zuciya ba ta iya bin layin kunnen doki da yatsa kuma a lokaci guda tana ƙirga dariyar da ake yi a wani ɗaki. Aikin yana da ɗan wuya yadda zai riƙe hankali, amma bai kai wuyar da zai gajiyar da shi ba. Irin abin da kakanninmu ke samu ne a wajen kaɗi da saƙar faifai da ɗinkin hula, hannu na tafiya, ƙirji na sauka. Mu ne muka ajiye waɗannan muka ɗauki waya, to ga shi na samo nawa a cikin wayar.

Ashe ma ba ni kaɗai ba ce babba mai wannan. Ummi ce ta karanto mini cewa wata mata 'yar Sikotilan, Johanna Basford, ta fitar da littafin zanen shafa launi na manya a 2013, kuma zuwa 2015 irin waɗannan littattafai sun zama abin yayi a Turai da Amurka, ana sayen miliyoyi. Tun kafin nan ma, a 2005, wasu masu bincike biyu a Amurka, Curry da Kasser, sun gwada ɗalibai 84. Suka sa su tuna abin da ke tayar musu da hankali, sannan suka ba wasu zane mai tsari su shafa wa launi na minti 20, wasu kuma farar takarda su yi abin da suka ga dama. Waɗanda aka ba zane mai tsari sun fi samun saukin damuwa a kan masu farar takarda. Da na ji haka na ce lallai, ai farar takarda ita ce daren da nake ciki, babu layi babu iyaka, tunani ya yi ta tsiyaya ta ko'ina.

Amma fa 'yar uwa kada ki ce na ce miki magani ne. Ƙwayar hawan jinina ban fasa sha ba ko kwana ɗaya, kuma duk wata ina zuwa awo. Wadda damuwarta ta kai ba ta iya ci, ba ta iya kula da 'ya'yanta, ko tana jin rayuwar ta ishe ta, wannan likita za ta gani, doki ba zai yi mata ba. Sannan hasken waya da daddare shi ma yana korar barci, don haka nakan rage hasken sosai, in ƙarfe goma sha ɗaya ta yi kuma in kife ta ko ban gama ba. Ki sauke zanenki da rana ki kashe data, kin huta da talla kin huta da sitatus. In kin ga sunan mai zanen a gefe kada ki goge, guminsa ne, ni 'yar mai sana'ar hannu ce na san zafin a ɗauki aikinka a ce na wani ne. Akwai kuma maganar zanen abu mai rai, wadda wata ƙawata ta tayar mini. Malamai sun yi magana a kai kuma bakinsu bai zo ɗaya ba game da hoton da ba gunki ba, ni na tambayi nawa malamin, ke ma ki tambayi naki. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ga furanni nan da zanen dagi da na lalle, duk aikinsu ɗaya.

Maigida kuwa da ya gani cewa ya yi, "Yanzu ke da girmanki, wasan yara?" Da a watannin baya ne da sai an ji mu a maƙwabta. Na ce masa, "Alhaji, da wasan yaran nan da rigimar manya wanne ka zaɓa?" Ya yi shiru, ya ɗan leƙa, can ya ce wannan sirdin ai ya yi baya da yawa. Na duba, gaskiyarsa.

Sai da na yi dawakai sun fi talatin kafin na yi ƙarfin halin taɓa hurde. Shi ne mafi wuya. Ba fari ba ne, ba baƙi ba, toka-toka ne mai tambari-tambari kamar an yayyafa ruwa a kan toka, kuma bokiti ba ya yin sa, sai da buroshi, ɗigo bayan ɗigo. Na sami wani zane da tsayuwarsa ta yi kama da tasa, na gyara hancin, na yi mako biyu ina bi. In yi in goge. Wani dare na sa duhu a gwiwoyi da bakin hanci, na ja baya da hoton, sai gabana ya faɗi. Shi ne. Har na ji kamar warin harawa a ɗakin.

Ranar Juma'a na tafi gida gaida Inna. Ta tsufa yanzu, ido ya yi rauni, sai da na ƙara hasken wayar na buɗe mata hoton sosai. Ta karɓa ta kawo shi dab da fuska, ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, "Ikon Allah. Kishiyata ce wannan." Muka yi dariya. Na ce, "Inna, wai ciwon me ya yi ne aka kai shi ƙauye? Ya warke kuwa?"

Ta sauke wayar a cinya ta dube ni. Ta ce, "Wane ciwo? Lafiyarsa ƙalau. Ke yanzu har yau ba ki sani ba? Gadon da kika kwanta a kai, da katifa, da kujeru, da kwanukan da aka jera miki, kina tsammani daga ina suka fito? Kasuwa ta tsaya masa a shekarar, ya ce ba za a kai 'yarsa ɗaki a yi mata gori ba. Da asuba ya kwance shi da kansa, ya hana kowa rakiya. Ya ce in kika ji ba za ki yarda ba, kada wanda ya gaya miki."

Na kasa magana. Gadon nan yana nan har yau, shi ne a ɗakin yara, sau nawa ina cewa a fitar da shi ya tsufa. Sallar da ta biyo bayan bikina ina amarya ban je kallo ba, ban taɓa tambayar a kan me Baba ya hau ba. Inna ta ce bai hau ba. Daga shekarar bai sake hawa ba, sai dai ya ɗinka wa wasu.

Hawaye na zuba, ita kuwa ta sake ɗaga wayar tana ƙanƙance ido. Ta ce, "Amma kin yi kuskure ɗaya. Farin nan da kika sa masa a ƙafar dama, a ta hagu yake, ta baya. Kullum ta nan yake harbin kajina."

Na karɓi wayar na share fuska da gefen mayafi, na buɗe fallen ƙafafu. Na ce, "Iya ina farin ya tsaya, Inna?" Ta miƙo yatsa ta nuna mini, ɗan sama da kofato kaɗan.